Shafi-Biyu da Shukar Mama

Ranar Talata, da ƙarfe tara da rabi na safe, mijin yayata ya tsaya a barandar gidanmu, ya daki ƙirji ya ce: "Ganyen da zan zana yau, sai mutum ya taɓa kafin ya yarda takarda ce!"

Bari in gabatar maka da shi, mai karatu. Mai fentin gidaje ne, muna kiransa Shafi-Biyu, domin a iliminsa babu wata ɓarna a duniya da shafi na biyu ba zai rufe ba. Mahaifiyarmu kuwa tana da wata shuka a tukunya, mai faffaɗan ganye kamar kunnen giwa, kore shar da fararen jijiyoyi, wadda take share wa ƙura da gefen mayafinta. Ta ga zanen irinta a ɗakin jiran likita, an yi shi da kalar ruwa, wadda ake jiƙawa a shafa a takarda, sai ta yi sha'awa. Ta ce masa idan ya zana tata har ta yi kama, shi za ta ba fentin gidan gaba ɗaya, aikin da ya daɗe yana zawarci. Tana gama faɗa ta tafi kasuwa.

Aikin gwanin na farko shi ne ya sa almakashi ya yanko ganye guda, ya shimfiɗa a tebur.

"Baban yara, yankewa ka yi?" in ji yayata, hannu a ka.

"Iska na kaɗa shi. Yaya zan zana abin da ya ƙi tsayawa?"

Ya tsoma burushin bango mai faɗin tafin hannu, ya malala kore. Takarda ta sha ruwa ta ƙoshi, ta kumbura, ta yi tudu da kwari. Na ce cikin ladabi, "Yaya, ina jin ana bari ta bushe tukuna."

"Kai da ko ƙofar bayi ba ka taɓa fentawa ba? Shafi na biyu zai daidaita ta!"

Shafi na biyu ya kwashe na farko, burushi ya leƙo ta bayan takarda. Ya ɗauko sabuwa, ya kunna fanka don ta bushe da sauri. Fanka ba ta san bambanci ba, ta haɗa har da ganyen, ya yi yaushi ya naɗe.

"Wannan ganyen rago ne," ya ce. Ƙyas! Ya yanko wani.

Sai aka zo kan fararen jijiyoyi. Ashe a wannan aiki farin takarda ake bari tun farko, ba a ɗora fari a kan kore. Shi da ya saba da bango, ya riga ya rufe ko'ina. Ya ruga wurin babur ɗinsa, ya dawo da ragowar farin fentin bango. Fari ya sadu da jiƙaƙƙen kore, suka haifi wani launi da har yau ban san sunansa ba. Yayata ta yi dariya har ta zame ƙasa tana riƙe ciki.

"Laifin ganyen ne, jijiyoyinsa sun yi yawa!" Ƙyas! Ƙyas!

Har azahar takarda na hujewa, ganye na yaushi, almakashi na cin kasuwarsa. Da Mama ta shigo da kwandonta, sai ta tarar da tukunya da sanda tsirara a tsakiya.

Shafi-Biyu ya durƙusa, ya ɗaga zanen sama. "Sannu da dawowa, Mama. Ku ɗan ja baya, daga nesa ake ganin kyansa."

Mama ta yi ta ja da baya har ta jingina da katanga.

"Kwaɗo ne mota ta taka?"

"Ganye ne, Mama."

"To, a kawo na gasken in gwada su."

Dukanmu muka dubi ƙarƙashin tebur, inda ganyayen suke tsibe, kowanne a naɗe kamar tsumma.

Mama ta ajiye kwando a hankali. "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma in na ba ka gidan nan, ina tsoron in dawo in tarar ka cire tagogi don sun tare maka hanya."

Washegari aka ba abokin hamayyarsa fentin gidan. Shi kuwa aka ba shi bokiti, kullum da safe yana zuwa yi wa sandar ban ruwa.