Ƙofar da ta tona mini asiri

Ko da zan manta komai na shekarun nan na tashin bama-bamai, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya daga ni sai singileti a gaban sojoji da dattawan unguwarmu.

Mu asalinmu 'yan turare ne. Kakanninmu da raƙuma suka zo da sana'ar, har yau kuma Baba yana zaune a shagonsa cikin kwalabe. Ni kuwa da gari ya rikice, aka fara caje mutane a ƙofar masallaci da kasuwa, sai na ce na gama da turare. Na buɗe kamfani na shiga shigo da kayan tsaro: sandar caje mai gano ƙarfe, rigar sulke, kyamarori, da ƙofar nan mai kuka idan mutum ya bi ta cikinta da ƙarfe a jikinsa. Baba ya dube ni ya ce, "Kai da in taya ta fashe a titi sai an nemo ka a ƙarƙashin benci, kai ne za ka sayar wa soja kaya?" Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na rantse sai na samu kwangila a gaban idonsa.

Gaskiya Baba bai yi ƙarya ba, ni matsoraci ne. Shi ya sa da Gwaggo, ƙanwarsa da ke Mandawari, ta kira ni ɗaki ta ɗaura mini guru a ƙugu, ban yi musu ba. "Maganin ƙarfe ne," in ji ta. "Ko wanka za ka yi, ka ajiye shi inda hannunka zai kai." Ta ƙara da kambu biyu a damtse. Na ɗauka fata ce da rubutu, ban taɓa tambayar abin da baduku ya ɗinke a ciki ba. A waje kuwa babu wanda ya fi ni baki. Duk majalisar da na zauna sai na ce zamanin laya ya wuce, yanzu na'ura ke tsare mutum (ina faɗa guru na ƙaiƙayi a ƙasan riga).

Ana nan sai wani Manjo da ke kula da shingayen bincike na cikin gari ya yarda ya ga kayana. In ƙofar ta burge shi, za a sa irinta a mashigar bariki da wasu kasuwanni. Aka shirya gwaji a wani fili a Gwale, aka gayyato dattawa da shugabannin 'yan kasuwa. Ni da kaina na je na ɗauko Baba, na zaunar da shi a kujerar gaba. Na sha babbar riga, na kafa hula, na yi ta zuba bayani har da Turanci. Na ce ƙofar nan ko allura ba ta wuce ta, kuma duk wanda ya dogara da ƙulle-ƙullen bokaye ya bar na'ura, shi ya sani.

Manjo ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "To Alhaji, mai kaya shi zai fara."

Na zube makullai da waya da agogo a faranti, na bi ta ciki ina murmushi. Ƙofa ta tsala kuka. Na ce kwabbai ne, na juye aljihu, na sake bi. Ta sake. Wani soja ya matso da sandar caje (tawa ce, ni na ba su kyauta), ya shafa kafaɗa shiru, ya shafa ƙirji shiru, yana kaiwa ƙugu ta ɗau ƙara. Ya sa hannu ya taɓa, ya ji abu mai kauri ya zagaye cikina. Ka tuna wane lokaci muke ciki, lokacin masu ɗaura bam a jiki. Ya yi tsalle baya, na ji ana ɗana bindigogi, dattawa suka watse da kujerunsu a hannu. Baba kaɗai ya rage a zaune.

"Ɗaga hannu! Cire riga, a hankali!"

Na cire babbar riga. Na cire 'yar ciki. Ga ni nan daga ni sai singileti da tumbi, ga kambu biyu, ga guru ya yi baƙi saboda gumi. Aka sa na kwance shi da hannu ɗaya, soja ya farke da wuƙa: zobban ƙarfe, tsinin tsohuwar aska, da allurai. Sai dariya ta ɓarke daga inda dattawa suka laɓe. Wani Alhaji mai sayar da shadda, wanda na sha yi wa wa'azin na'ura, ya ɗaga murya ya ce, "Malam, wannan daga wace ƙasa aka shigo da shi?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kasa duban inda Baba yake.

Sai kuma zuciya ta ɗebe ni. Ban mayar da riga ba. Na juya na ce, "Ranka ya daɗe, na ce ko allura ba ta wuce ta, ga allura nan. Ta kama mai ita, wa za ta ƙyale? Yanzu kuma masu dariya su zo su bi, ɗaya bayan ɗaya. Alhaji, bismillah, kai ne gaba."

Mai shadda ya ce ƙafarsa na ciwo. Wani ya tuna bai yi la'asar ba. Wani ya kama gyaran hula yana kallon sama. Duk taron nan ba a samu mutum ɗaya da ya yarda ya bi ta ƙofar ba. Manjo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in same shi a ofis da takardun kamfani.

A mota, da muka kai Shahuci, Baba ya juyo ya dube ni. "Kwangila ka samu," in ji shi, "amma kai za ka je ka gaya wa gwaggonka an farke mata guru."

Har yau a unguwa ana kirana Alhaji Guru, ina kuma amsawa da ƙarfi. Abin da na koya shi ne, kafin ka sayar da injin tona asirin mutane, ka shiga ɗaki ka kulle ƙofa ka fara gwada shi a kanka.