Doguwar Kamfaman Jiratawa

Ko da tsufa zai sa in manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da kamfaman Jiratawa ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin. Takaicin ma ban san wa zan fara zagi ba: Kumandan, ko Sarjan, ko matata, ko ni kaina da wannan bakin nawa.

Lokacin Nasara na mulki, ni gardi ne, wato ɗan sandan Turawa, a barikin Maradi. Jar hula, wandon kaki, ɗamara mai faɗi, da galo ɗaya na muƙami a hannun riga wanda nake gogewa safe da yamma. In na ratsa kasuwa mata sai su janye kwandunansu su ba ni hanya. (Ni a lokacin girmamawa na ɗauke shi. Sai daga baya na gane tsine mini suke yi ƙasa-ƙasa.)

Kamfama, ga wanda bai riski zamanin ba, masauki ne da ake gina wa Turawa a ƙauyuka don su kwana in sun fita rangadi. Na Jiratawa yana bayan gari wajen gulbi, ƙarƙashin wasu tsofaffin tsamiyoyi. Ginin laka ne mai rufin kwano, da 'yar baranda a gaba. Da aikin tilas aka gina shi. Duk sanda Bature ya sauka kuma, garin ne ke ɗaukar nauyinsa: a kawo kaji, a kawo ƙwai, a kawo itace da nono, mata su bar aikinsu su yi ta jidar ruwa don mutum ɗaya ya jiƙa jikinsa cikin baho. Gardin da ya yi rakiya ma sai an ciyar da shi da dokinsa. Na sani, don na ci.

To, sai wurin ya fara yin suna. Wani Bature mai duba shanu ya sauka, kafin gari ya waye ya dawo Maradi ba ko hularsa. Wani mai sayen gyaɗa ya je, shi ma bai kwana ba. Kukunsa ya ba mu labari cewa rana na faɗuwa ake fara jifan kwano, a ji ana daka alhali ba kowa, sannan wata farar aba mai tsawo ta fito daga cikin tsamiyoyi. Da aka tambayi mutanen gari, suka ce ai Doguwa ce, aljanar wurin, a kan gidanta aka yi ginin, su kuwa ba su da yadda za su yi da ita.

Kumandan, Baturen da ke mulkin Maradi, ya fusata, don akwai wani babbansu da zai zo rangadi daga Yamai, kuma a can aka shirya zai kwana. Ya tara mu gaban biro, wato ofishinsa, yana ta faɗa, tafinta na juyawa. Wai ba wani aljani a ƙasar da ke ƙarƙashin tutarsu, a fitar da mutum ɗaya ya je ya kwana, ya dawo ya ba da shaida. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai shugabanmu, Sarjan Mijinyawa, wanda tun ranar da aka ba ni galo bai ƙara amsa gaisuwata da daɗin rai ba, ya nuna ni. Ya ce ni ɗan Tsibiri ne, cikin 'yan bori na tashi, ga shi kuma a Jiratawa na yi aure, garin surukaina ne.

Nan ya kamata in yi shiru. Amma da na ga idanu sun dawo kaina, sai na buga ƙafa na ce in Doguwa ce, da igiya zan jawo ta bariki. Kumandan ya dafa kafaɗata, aka miƙo mini bindiga. Harsashi kuwa aka ce ba a ba baƙar fata sai da izini, izinin kuma sai wani lokaci. Ka ji mutanen da muka yi wa bauta.

Na biya gida ɗaukar tabarma, na tarar da matata Hasiya tana tankaɗe. Na gaya mata inda za ni. Ta dube ni, ta ce in bari mana, in ce musu ba ni da lafiya. Na ce ita mace me ta sani. Ta ce to Allah ya kiyaye hanya, ta ci gaba da tankaɗenta har da ɗan murmushi. Wannan murmushin ban yafe shi ba har yau, Allah ya jiƙanta.

Na isa da la'asar sakaliya. Ban shiga gari gaida kowa ba, don na fi so sai da safe in shigo da labarin jarumta a bakina. Bazara ce, na jiƙe sharkaf da gumi. Na ɗaure doki, na leƙa ciki: gadon ƙarfe, tebur mai karyayyar ƙafa, kashin jemage ko'ina. Ba komai. Na rataye hula da kaki a baranda, na jingine bindiga, na ja ruwa a rijiya na zagaya bayan ɗaki inda aka kewaye da zana. Nufina in yi wanka, in yi magariba, in zauna jiran Doguwa kamar namiji.

Na cuɗa sabulu a kai har fuska ke nan, sai na ji ƙwal a kan kwano. Na ce tsamiya ce ta faɗo. Aka sake. Aka kuma. Can sai kamar ana juye tsakuwa da kwando. Daga nan daka ta tashi, lugude sosai, har ƙasa na amsawa ƙarƙashin ƙafata. Doki ya yi haniniya ya tsinke igiya. Na buɗe ido ɗaya, sabulu ya shiga, na buɗe ɗayan, shi ma haka. Cikin wannan raɗaɗin na hango ta ta saman zana, fara fat, ta kusa kamo rufin ɗaki, ba fuska, tana tahowa tana rangaji, wani gunji na bin bayanta.

(Ka lura, ko duhu bai gama yi ba. Mutumin da ya ɗau alkawarin kwana, ko kiran magariba bai jira ba.)

Ban bi ƙofa ba, zanar na ratsa. Ban tuna da wando ba, balle bindigar da ba komai cikinta. Na yanki gona a guje, ban yi nisa ba na afka cikin shingen ƙaya na kife. Ina juyowa ga ta tsaye a kaina. Na nemi abin karantawa, wallahi ko Fatiha ta ƙi zuwa. Abin da ya zo shi ne irin kirarin da na ji tsofaffin Tsibiri na yi ina yaro. Na durƙusa tsirara, kumfa na zuba, na kira ta uwar gida, na kira ta mai tsamiya. Na ce ba da son raina na zo ba, Kumandan ne, Allah ya tsine masa shi da tutarsa. Na yi mata alkawarin farar tunkiya. Ta ƙara matsowa. Na ƙara da zakara. Ba ta tsaya ba.

Sai bakina, wannan bakin da ya kawo ni wurin, ya ce:

"Ranki ya daɗe, in jinin mutum kike so, ni yaro ne, ban ƙoshi da duniya ba. Akwai wata tsohuwa nan cikin gari, uwar matata. Ta ci zamaninta, ga ƙiba, ga baƙar magana, ba mai kukan rashinta. Gidan da ke kusa da marina, in kin shiga ɗakin dama."

Har kwatance na yi.

Gunji ya tsaya. Jifa ya tsaya. Doguwa ta tsaya cak, sannan na ga tana gajarta a hankali, har farin ƙyallen ya zame ƙasa. Taɓarya ce aka kifa wa ƙwarya, aka lulluɓa da fararen zannuwa da aka ɗinke wuri ɗaya. Mai riƙe da ita kuma, tana haki, ɗankwali ya karkace, surukata ce. Matar da ko a hanya muka haɗu sai in ratse in durƙusa, wadda ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa kama sunanta ba.

Ta dube ni sau ɗaya, ta kau da kai, ta jefo mini ƙyallen.

"Ruhe jikinka, mijin Hasiya," in ji ta. "Ɗakin hagu ne, na sauya tun kaka."

Sai mata suka fara fitowa daga bayan tsamiyoyi, wasu da turmi, wata da tulun da take hura gunji a ciki, wasu da tsakuwa a bakin zane. Duk na san su, sun yi guɗa a bikina. Ba wadda ta yi dariya, da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Ashe doki suka gani da jar hula a baranda, suka ɗauka gardin da ke share wa Bature hanya ne, ba su san nasu ba ne.

Da numfashina ya dawo, tsoro ya koma fushi. Na miƙe naɗe da ƙyallen Doguwa, na ce sun san abin da suka yi kuwa? Wasa da gwamnati ne, gidan kaso ne, gobe zan kai sunansu ɗaya bayan ɗaya. Surukata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kajinsu sun ƙare, bayansu ya ƙage da jidar ruwa, mazansu kuma in sun yi magana bulala ce, shi ya sa suka nemo wadda ba a iya ja zuwa bariki. Ta ce in zan kai suna in fara da nata, tunda na riga na iya bayar da ita. In an tambaye ta kuma za ta faɗi duk abin da kunnenta ya ji, har wanda aka faɗa game da tuta.

A kamfaman na kwana, don ba inda zan kai fuskata. Ina cire ƙaya ina tsaki har asuba, ba abin da ya motsa sai sauro.

Da safe na kamo doki a gonar wani na kama hanyar Maradi, raina na tafasa. In na faɗi gaskiya, a ɗaure uwar matata da rabin matan gari, ni ma in bi su saboda zagin tuta. In na ce ba komai, babban Bature ya je ya sauka, su fito masa da taɓarya, shi kuwa tasa bindigar da harsashi a ciki. Hanya ɗaya ta rage, ita ce kuma ta fi ɗaci.

Na tsaya gaban biro, gaban duk abokan aikina, fuska duk karcen ƙaya. Kumandan ya tambaya ina igiya, ina abin da na ɗauro. Na ƙame na ce, "Mon kumandan, akwai ta. Na gan ta da idona. Kada a kai kowa can."

Tafinta ya juya masa yana danne dariya. Kumandan ya yi jajir, ya kira ni da sunayen da tafinta ya ƙi fassarawa, ya sa Sarjan Mijinyawa ya yanke galona nan take. Ban taɓa ganin Sarjan ya yi aiki da sauri irin na ran nan ba. Aka mai da ni mai kwashe kashin dawaki. Amma ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Shi Kumandan da ya ce ba aljani a ƙasarsa, bai je ya gwada ba. Shiru-shiru aka sauya wa babban baƙo hanya, aka kai shi Tsibiri ya kwana, garinmu, aka cinye kajin uwata. Kamfaman Jiratawa kuwa ba Baturen da ya ƙara sauka a cikinsa har damina ta rushe shi.

A gida na tasa Hasiya da faɗa, na ce ta san komai ta bar ni na tafi. Ta ce ai ta faɗa mini in bari, ni na ƙi ji. Ta ƙara da cewa Inna ta aiko, wai Doguwa na jiran tunkiyarta, zakaran dai ta yafe. Na saya na kai da kaina, fara tas. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, ta sa mini albarka kamar ba abin da ya faru, kuma har ta bar duniya ba ta ƙara tada maganar ba. Ba ta buƙata. Matan garin sun riƙe mata ita, sun kuma ba 'ya'yansu gado.

Abin da na koya ba shi da yawa. Tsoro ba ya kashe mutum, ni na gwada. Amma in ya kama ka, ka gudu da bakinka a rufe. In kuwa lallai sai ka sayar da wani don ka tsira, to ka fara ɗaga ƙyallen ka ga wa ke saye.