Fis Ɗin da Ya Ƙi Mutuwa

Jama'a, ranar Talata da hantsi fiyanona ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta yi shiru. Ina shirin gwajin kiɗa, wayarta a soket, masu wuta suka tuna da unguwarmu bayan kwana tara, suka aiko mana da wutar kwana taran a dunƙule cikin minti ɗaya. Fankar tela maƙwabcina ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba ko tana sabuwa, sannan ta ce ga garinku nan. Allah ya saka wa manya da alheri, ba sa cin haƙƙin talaka, tara masa suke yi.

Fiyanon nan ta marigayi Yayana ce, ta girmi babbar 'yata, kuma da ita nake ciyar da gida. Abin da ya fi tsorata ni, akwai muryoyin kiɗa da Yaya ya haɗa da hannunsa ya adana a cikinta, in suka tafi babu kasuwar da ake sayar da su. Ga shi ranar Asabar an gayyace ni kiɗa wurin ƙaddamar da sabuwar taransifomar unguwa, wadda Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle zai buɗe karo na uku.

Na rungume ta sai shagon Baba Mai Dalma, tsohon da ke gyaran rediyo da kayan kiɗa. Ya kwance murfin, ya sunkuya ya shinshina kamar mai sayen turare. Can ya zaro wani ɗan abu mai ƙyalli ya ɗaga.

"Wa ya naɗe fis da takardar kwalin sigari?"

"Baba, tela ne ya ba ni shawara. Yawan ƙonewa yake, sau uku a wata."

"Madalla da tela! Kun ɗaure mai gadi kun buɗe wa ɓarawo ƙofa. Ɗana, ai aikin fis ke nan: in wuta ta yi yawa ya mutu, na ciki su rayu. Fis ɗin da ya ƙi mutuwa, gidan yake kashewa."

Na amsa laifina, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya nuna min wasu 'yan gwangwanaye biyu da yake kira kafasita, sun kumbura kamar cikin ɗan kwangila. Na kai hannu, ya make ni. Ya ce ko an zare daga soket suna riƙe da wuta, in na taɓa sai na kira sunan kakata. Ya sauke musu wutar, ya cire su, ya liƙa sababbi da dalma, ya sa fis na gaskiya. Sannan ya haɗa wayar ta bi ta cikin kwan fitila: in ya tsaya da haske akwai sauran ciwo, in ya dushe an warke. Gyara ya ƙare cikin awa guda, jiran wutar gwaji ya ci kwana biyu.

Da aka kawo wutar, kwan ya yi wal, ya dushe. Na danna lamba bakwai a jerin muryoyin, sai ga sarewar Yaya ta fito garau, kamar yana zaune a gefena. Ba zan ɓoye muku ba, na yi hawaye, Baba ya yi kamar yana neman sukudireba.

A hanyar gida maganarsa ta ƙi barina. Shekara nawa abubuwa ke ƙonewa a gidajenmu, kun taɓa jin wani babba ya ce, "Laifina ne, na sauka"? Manyan fis ɗinmu duk an naɗe su da takardar sigari. Fankar tela ce ke mutuwa a madadinsu.

Ranar Asabar na isa wurin taro. Taransifoma ta sha sabon fenti, amma na gane ta, ga lotsawar da motar yashi ta yi mata bara. Na riƙe wayata na ce ba zan jona ba. Mai shirya taron ya ja ni gefe.

"Haba Malam, kwantar da hankalinka. Wannan soket ɗin daga janareta yake, tana bayan rumfa. Mu jona lasifikar Mai Girma da wancan abin? So kake a kore ni daga aiki?"

Na jona, na saki sarewar Yaya. Mai Girma ya yanka ƙyalle, ya danna maɓalli, fitilun rumfa suka kama, aka yi ta tafi.

Da yamma na iske tela a ƙofar shago yana fifita da kwali. Ya ce, "Makaɗi, an ce sun kawo wuta?"

Na ce ƙwarai sun kawo, da idona na gani. Kuma da idona na ga an ɗora janaretar a bayan mota an koma da ita.