Rasuwar Indo, Tafiretar Ofishinmu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Malama Safara'u, mai buga takardu a ofishin nan namu na Wudil, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar zamana, Indo, baƙar tafireta, wadda aka ce ta cika ranar Talatar makon jiya bayan doguwar jinya. Da hannu na rubuta wannan sanarwa. Wanda ya ga layin ya karkace ya yi haƙuri, mai miƙe mini shi ce ta tafi.

Ba a gabana ta cika ba. An tura ni Kano kwas na mako biyu kan inganta aiki, inda wani mai kwat ya koya mana yadda ake zama a kujera. Niyyata in na dawo in buga takardata ta barin aiki, don idona ya soma hazo, 'yata kuma ta gama shafe mini ɗaki a Kausani. Sai na tarar da teburina wayam, an jingine wani akwatin katako a gefe. Labari ya riga ya gama gari, har masu awo a kasuwar Juma'a sun ji: wai tsufa ya ci Indo, haƙoranta sun zube, wai ita ke sa takardar mutum ta yi wata uku ba ta fito ba. Ni kuwa tun ina makaranta ban iya karɓar magana don kawai kowa na faɗinta ba. An sha dukana a kan haka, bai hana ba.

Marigayiya ta zo mana tun zamanin En'e, a bayan babbar mota, naɗe cikin bargo. Shekara ashirin da shida muka yi gwiwa da gwiwa. Ba ta taɓa makara ba. Ba ta taɓa zamewa kasuwa lokacin aiki ba, ba ta taɓa ce wa talaka ya dawo gobe ba. Abincinta ɗigon man keken ɗinki ranar Asabar. Da ita aka nemi rijiyar Indabo, da ita aka kai kukan mutanen Achika shekarar da taki ya makara, kwafi biyar a bugu ɗaya, na ƙasa ma ana karanta shi. Maganarta kaɗan ce: kas, kas, kas-kas, sai ƙararrawa ta ce ƙin a ƙarshen layi, in tura ta gefe ta ce garrr. Wanda ya biyo ta bakin taga ya san yau akwai gwamnati.

Bincikena na fara da littafin shiga da fitar takardu. Na bi wasiƙa arba'in ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta kwana biyu a hannun Indo. Wadda ta fi saurin samun sa hannu kuwa kwana goma sha tara ta yi. Wata ma wata biyu ta yi a ƙarƙashin sabuwar rediyo mai kaset da ke kan teburin shugabanmu, Alhaji Maikano, tana tare ta kada ta yi rawa.

Daga nan na gangara sito. Malam Ƙasimu mai kula da kaya ya tambaye ni hanya, da gajiya, da mutanen Kano, da gwiwata, duk don kada mu iso maganar. Da muka iso ya nuna mini gawa a kan kanta, an zizara mata jan fenti. Na miƙa hannu ya tare, ya ce abin da aka rubuta ya mutu ba a taɓa shi. Shi ya faɗa mini yadda aka yi. Mutum uku ne na kwamitin duba kaya suka zo a sabuwar Fijo. Kwata ɗin awa suka yi, rabinsa a kan ƙwaryar fura. An ware wa ofishinmu tafireta mai lantarki, ƙa'ida kuma ta ce ba a ba ofishi sabuwa in yana da mai rai.

Na ce ya ba ni takardar da ta kashe ta. Kwafi huɗu, tsaf, ba gurbi ba ɗigo. An rubuta cewa na'urar ta lalace, ba ta iya fid da harafi ko ɗaya. Na kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Uwa ba ta ɓata muryar 'yarta: bugun Indo ne. Na hau wurin Malam Sabo akawu, wanda muka tsufa tare a ɗaki ɗaya, na ajiye masa ita. Ya daɗe yana gyara hularsa. Sannan ya ce shi ya buga, da yatsa biyu, 'yan kwamitin suna faɗa yana bi, Indo kuma ba ta yi masa gardama ba ko sau ɗaya.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, ta bar Malam Sabo, ta bar fayil ɗari da goma sha biyu masu jiran amsa. Ta bar kuma magajiyarta a cikin akwati. Ba a buɗe akwatin sai injiniya ya zo daga Ikko. In ya zo ma, wayar lantarki ba ta shigo ɗakinmu ba tukuna. Takardar barin aiki kuwa ba a karɓar ta rubutun hannu, sai bugagga a kan takardar gwamnati, takardar gwamnati kuma ba ta fita ƙofar ofis. Saboda haka kullum ƙarfe bakwai da rabi nake sa hannu a rajista, in zauna ina kallon katako har a tashi.

Na shiga wurin Alhaji Maikano. Takardar ɗaukarsa aiki ma Indo ce ta buga ta.

"Ranka ya daɗe, aron Indo na minti goma nake nema. Layi shida ne."

"Inna, ki rufa mini asiri. In takarda ta fito daga gare ta, mun zama maƙaryata ke nan. Sai su zo su ɗauke sabuwar."

Washegari shi ya aiko a kira ni. Ya miƙe ya ba ni kujera, ya ce akwai 'yar matsala. Kayan da aka kashe dole a farfasa su, kuma dole a aika Kano da shaidar an farfasa, bugagga, kwafi huɗu. Ya ce wannan kam ba mai duba ta, fayil za ta shiga.

"Tawa fa?"

"Taki ana dubawa, Inna. Ki ƙara haƙuri, injiniya na hanya."

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a bayan sito, gindin darbejiya. Malam Ƙasimu ne zai riƙe guduma, shaidu uku za su tsaya, a zuba gutsattsarin a rami a rufe. Ba za a yi salla ba, don ƙarfe ce. Mai son ganin gawa ya zo ƙarfe tara, lokacin za a fito mini da ita in buga shaidar. Zaman makoki a teburina ne, ba na kwana uku ba, kowace ranar aiki har sai yadda hali ya yi.

Ga masu tambayar ciwon da ya kashe ta: Indo ba ta yi ciwo ba. Lafiyarta lau.