Akawal a Injin Rake

"…lafiya lau, ya gajiyar hanya? Ko da yake bawa ba ya gajiya, sai dai lalaci."

Mati ya ci gaba da aikinsa. Yana tsugune gaban wani baƙin doki, da kwanon ruwan ɗumi da gishiri a gefensa, yana wanke wani miki da ya ratsa ƙirjin dokin. Bargar tana bayan garin Maska, kuma dawakin da ke ɗaure a turakunta na mutane ne daban-daban, 'yan kasuwa da ma'aikata da ba su da fili ko lokacin kiwo, suka kawo wa Mati amana. Nasa guda ɗaya ne tak, wani tsohon kili da ke gyangyaɗi a ƙarshen rumfa. Baƙin nan kuwa, Akawal, na Okwudili ne, mai shagon kayan mashin a Funtua, kuma da shi za a shiga sukuwa a Malumfashi ranar Asabar.

Mai gaisuwar Hajiya Uwa ce, mai injin matsar rake a bakin fadama, irin wanda doki ke zagayawa yana juya shi ana dafa mazarƙwaila. Mahaifinta da mahaifiyar Mati ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun suna wasan ƙasa take kiransa bawanta. Jiya Mati ya tafi ta'aziyya Gozaki ya kwana can. Da ya dawo da hantsi, sai ya tarar da abin da ya tarar.

"Ina gaishe ka kana yi mini kunnen uwar shegu?"

"Uwa, matso nan. Mene ne wannan?"

Ta leƙo ta saman kafaɗarsa, ta gyara gyale. "Doki ne. Duk shekarun nan da ka yi kana kwasar kashinsu, har yau ba ka gane su ba?"

"Nan nake nufi! Nan!"

"Au, wannan ɗan ƙurjin? Ai sauron fadama ya fi haka cizo."

"Sauro ko? Sauro mai igiya, da ya ɗaura wa dokin mutane gungume ya sa shi jan inji tun safe har la'asar?"

"Wa ya gaya maka?"

"Sadiya."

"Matar nan taka bakinta ba ya riƙe ko goro. To, tsaya ka ji, kada hawan jini ya kashe mini kai in yi asarar bawa. Dokina ya wayi gari yana ɗingishi. Rake kuwa an riga an sare shi, yana zube a rana, in ya kwana biyu ya yi tsami, shi ke nan aikin shekara ya tafi. Na zo aro. Sadiya ta ce in ɗauki Kili."

"To, me ya hana ki ɗaukar Kili?"

"Tsoron Allah. Na dube shi, na ga ana iya rataya buta a ƙugunsa. Na ce in na ɗaura wannan a inji, kafin azahar sai an nemo masu jan mushe. Ina juyawa sai ga wannan, yana ta sheƙi, yana cin dawa a banza kamar surukin mai kuɗi. Na ce to, yau kai ma ka san da gumi ake cin abinci."

Mati ya matse tsumman da ke hannunsa cikin kwanon. "Ba nawa ba ne, Uwa."

"A bargarka yake. Abin da ke hannun bawa kuwa na uwargijiyarsa ne, kowa ya sani."

"In mutum ya kawo miki rakensa ki matse masa, sai ki shanye?"

"Nakan ɗanɗana."

"Innalillahi! Wai ni da wa nake magana ne?"

"Da 'yar kawunka, wadda ta gaje ka tare da tsohuwar tabarma da jaki mai ido ɗaya. Cikin ukun kuma jakin ne ya fi amfani."

"Ke da aka yi wa zanen suna da ƙosan da uwata ta soya? In ana lissafin bayi, ke ce ta farko a layi, sai dai ba mai saye, don cinki ya fi aikinki."

"Dokin mai baki ya fi gudu. Ka gode mini ma, horo na ba shi kyauta. Filin sukuwa ba zagaye ake yi ba? Jiya ya yi zagayen da bai taɓa yi ba tunda uwarsa ta haife shi."

"Ai na gani. Ɗazu na kwance shi in duba tafiyarsa, na ja shi gabas, shi kuwa sai kewaya turke yake yi kamar wanda allurarsa ta faɗi. Ranar Asabar in an saki dawaki, kowa ya miƙe, shi ya tsaya yana jiran a zuba masa rake."

Uwa ta fashe da dariya har ta dafa turke. Mati bai taya ta ba. Ya lakato man kaɗe ya shafa a gefen mikin, dokin ya zabura ya buga ƙafa, fatar ƙirjinsa tana rawa. Mati ya yi masa magana a hankali, yana shafa gezarsa har ya lafa.

"Kina dariya," ya ce. "Kin san me ke riƙe da bargar nan? Ba katanga ba ce, ga ta nan, akuya ma tsallake ta take yi. Sunana ne. Mutum ya bar dokinsa a nan ya tafi Funtua ya yi barci, don ya san Mati na nan. Yau in Okwudili ya kwance nasa, gobe Alhaji Lawal ya ji, jibi malamin asibitin nan ya ji. Sai a bar ni da Kili muna kallon juna."

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya ce ka tafi ka bar ƙofa a buɗe?"

"Ta'aziyya na je! Ta mijin gwaggonki, wadda ke ba ki je ba!"

"Na aika bawana, ya wadatar." Ta sunkuyo ta ƙara duban mikin, ta rage murya. "Ka ga, doki baƙi ne. Samo baƙin tukunya ka kwaɓa da man nan ka shafe wurin. Wa zai gani?"

"Sirdi zai gani. Majanyi zai gani. Allah zai gani."

"To ka ce ƙaya ce ta karce shi."

"Ƙaya mai faɗin tafin hannu?"

"Ka ce aljanu ne suka hau shi. Ai an san suna son baƙin doki."

"Wannan kam gaskiya ce, aljana ce. Ga ta nan tsaye da gyale ruwan goro, tana warin rake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ke kin dafa mazarƙwailarki, ni zan sha kunya."

Bai rufe baki ba suka ji ƙarar mashin ta tsaya a ƙofar barga. Mati ya miƙe tsaye. Okwudili ne, da hular kwano a hannu da ƙullin kanwa da ya kawo wa dokinsa. A Funtua aka haife shi, Hausarsa kuwa in ba ka ga fuskarsa ba sai ka ce jikan Bakatsine ne.

"Salamu alaikum. Baba Mati, barka da hantsi. A'a, Hajiya, ke ce a nan? Ina kwana?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya mamarka? Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi, Hajiya."

Akawal ya ji muryar maigidansa ya yi haniniya ya juyo, ƙirjin ya fito fili. Okwudili ya ajiye kanwar a ƙasa. Ya zo ya tsuguna, ya daɗe yana duban wurin bai taɓa ba. Kili na can ƙarshen rumfa yana taunar iska.

Uwa ta yi gyaran murya. "Ɗana, kada ka duba kowa. Ni ce. Wannan sakaran ba ya nan, na zo na kwance shi na kai shi inji."

"Inji?" Okwudili ya ɗago. "Injin rake?"

"Ya yi ƙoƙari kuwa, ba a taɓa…"

"Hajiya." Ya miƙe tsaye. "Ke uwa ce. Kusa da rumfar mamata kike sayar da mazarƙwaila tun ina zuwa makaranta da gajeren wando, ba ni da bakin yi miki magana." Ya juya. "Baba Mati, kai na ba doki."

Mati yana da amsoshi cike da baki: ta'aziyya, Sadiya, ƙofa, wannan masifar da ke tsaye a gefensa. Ya haɗiye su duka.

"Haka ne," ya ce. "Ni ka ba."

"Tun damina nake shirin Asabar ɗin nan. Har abokaina na Kaduna na gayyato." Ya ɗauki hularsa. "Zan turo likitan dabbobi. Da yamma kuma mota za ta zo ta ɗauke shi."

Ya nufi ƙofa. Amma Hajiya Uwa, wadda Mati bai taɓa ganin ta yi sauri ba sai in an ce ga tuwon biki, ta riga shi isa. Ta tattare zane ta haye kan mashin ɗin ta zauna daram, tayar baya ta lotsa.

"Hajiya, don Allah sauka."

"Ban sauka. In za ka ɗauke dokin nan, sai ka haɗa da ni, ka kai ni Funtua ka ɗaure a turke a ƙofar shagonka, mai laifi ke nan. Shi wannan da kake gani, wawa ne, mummuna ne, ga rowa, amma tunda nake da shi ko igiyar wani bai taɓa ci ba. In dokinka ya yi tari, a nan yake kwana, matarsa har ƙara ta kawo mini. Za ka hukunta shi a kan haukata?"

"Hajiya, mashin ɗin zai faɗi."

"Ya faɗi. Ai kai ke sayar da kayansa."

Okwudili ya dubi sama, ya dubi Mati, ya dubi tayarsa. Ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, gefen bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai.

"Baba Mati, haka kake fama?"

"Tun kafin a haife ka."

"To. Ya zauna har mikin ya warke, daga nan in ga abin da zan yi. Amma a sa wa ƙofar nan kwaɗo, makulli kuma a aljihunka, ko Makka za ka."

"Yau ɗin nan," in ji Mati.

Sai da Okwudili ya rantse mata cewa mota ba za ta zo ba sannan ta sauka. Ya tayar da mashin ya tafi neman likita, ba tare da ya yi sallama da kowa ba.

Mati ya koma gaban dokin ya tsuguna, ya fara ɗaure mikin da tsumma. "Wawa, mummuna, ga rowa. Da haka ake ceton mutum?"

"Ai don a yarda da sauran maganar ne. In na ce kai kyakkyawa ne, wa zai gaskata ni?"

"Tafi, Uwa. Don girman Allah tafi, kafin in manta kawu ne ya haife ki."

"Ina zan tafi in bar ka da ɗaurin nan kamar na mai koyon kaciya? Kawo in riƙe maka kansa."

Ta kama ragamar, tana faɗa wa dokin cewa duk laifin na Mati ne. Akawal ya sunsuni kafaɗarta, ya ji zaƙin rake a jikin gyalen, ya cafki gefensa ya fara tauna.

"Kai! Kai! Sabo ne! Mati, karɓar mini!"

"Ni? Abin da ke bakin doki na doki ne, kowa ya sani."

Ta ja, dokin ya ja, gyalen ya ce kyat, ya rabu biyu. Ta tsaya da rabi a hannu tana kallon ɗaya rabin yana shigewa bakin Akawal. Sai dariya ta kece mata, irin wadda ke sa mutum zama a ƙasa, har da hawaye.

"Shi ke nan, na sha kaye," ta ce tana share ido da guntun da ya rage. "Harawar da ke kan soron gidana, ka turo a kwashe duka, a ba shi shi da 'yan'uwansa. A ɗiba wa Kili ma, ko Allah zai sa ya kai baɗi."