Ɗan Fari a Kasuwar Dole Kaina

Rana ta take a kasuwar Dole Kaina lokacin da Bashira ta iso rumfar kakanta, Malam Namadi mai igiyar shanu, goye da jaririnta. Fitarta ta farko ke nan tun da ta gama wankan jego. Yaro sai tsala kuka yake, ita kuwa ta yi kamar ba a bayanta yake ba. Ɗan fari ne, ga kuma dangin mijinta can gefe sun jera ƙoren nono, kowacce da idonta.

"Lahiya lau, amaryata," in ji tsohon. "To wanga mai jiniya hwa, ina kinka samo shi?"

"Ɗan mutane na, tsoho. Riƙo anka ba ni."

"Ɗan mutane da wanga hanci naki kamar gindin tulu? In ba ƙira, mi ya ci gawayi?"

"Hancin gado na. Wurinka munka kwaso shi, ba mu ko gode ba."

"Ji min ja'ira! Na sake ki, saki ukku. Ina zaune kin tahi kin samo wani miji, ko haƙori bai da."

"Kai nawa gare ka? Buɗe baki mu ƙirga. Shi ko nashi na bisa hanya, naka sun tahi ba dawowa."

Masu rumfar kusa suka kwashe da dariya. Jaririn dai bai ga abin dariya ba. Muryarsa ta fara dishewa, yana ta goga baki a bayan uwar, Bashira na jijjiga shi tana satar kallon masu nono. Gaban rigarta har ya jiƙe. Malam Namadi ya gani, tausayi ya kama shi, amma bai saki wasan ba.

"Kukanai har Benin ana ji. Yanzu jandarma su ƙetaro su ce mun sato yaro. Kwance shi ki ba shi abincinai."

"Nan? Tsakar kasuwa?" Ta rage murya. "Goggon babanai na can tana kallo. Gobe a ce jikar Namadi ba ta da kunyar ɗan fari."

"Kunya nono ta? A tatsa a ba shi? Duba can, saniya ta tsaya tsakar kasuwar shanu maraƙinta na sha, wa ya kai ta ƙara?"

"Ni ka kira saniya, mai gemun bunsuru?"

"Saniya ta hi ki wayo yau."

Bashira ta sunkuyar da kai.

"Da Inna na da rai, da ita za ta zauna gabana ta kare ni," ta ce a hankali.

Maganar 'yar tsohon ce take yi. Sai ya miƙe da ƙyar, ya tuɓe babbar rigarsa ta zuwa kasuwa, ya rage daga shi sai 'yar shara. Ya juya mata baya, ya ware rigar da hannu biyu a bakin rumfa.

"Zauna bisa buhun kanwa. Duk mai son kallo shi kalli ƙashin haƙarƙarina, kyauta na."

Ta kwance goyon, ta ba shi nono. Kukan ya yanke ɗif, sai 'yar ƙarar haɗiya da ajiyar zuciya. Wani makiyayi ya tsaya yana taya igiya.

"An ruhe rumfa," in ji Malam Namadi. "Babban baƙo na cin abinci."

Yaron kuwa ba shi da niyyar sauri. Hannuwan tsoho suka fara karkarwa, rigar na rawa, Bashira na gani ta ƙasan ido.

"Sauke hannunka, tsoho, kar ka karye a ce ni na kashe ka."

"Na ɗauki uwarki, na ɗauke ki. Riga ce za ta gagare ni?"

Ta goge ido da bakin mayafi tana dariya. Da yaron ya saki nono ya yi barci, tsohon ya juyo, ya daɗe yana kallon ɗan bakin nan mai maiƙo. Sannan ya ninke rigar ya ɗora mata a cinya.

"Ya kada ni. Ya amshe mini mata, shi haɗa da rigar. Duk inda yunwa ta kama shi, ki shimfiɗa ta bisa kanku, ki ce ni na aiko."