Gaisuwar da Na Yi wa Taikin Gero

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukina a Tambuwal ba, tun Nasara bai san hanyar ƙasar nan ba. Ni mutum ne mai tsoron idon jama'a. In mutum uku suka dube ni lokaci guda, sai bakina ya mutu. Ga shi tsohon ya rantse ba zai ba da 'yarsa Hajo ba sai ya ga hankalin yaron da idonsa.

Muka taso daga Kebbe a ƙafa, ni da abokina Bawa. Duk hanya ba abin da ke raina sai mahon da ke hammatar rigata (ta aro ce ma, wallahi). Da muka isa ƙofar gidan na ji hayaniya, har da wata ƙara mai tsini. Na ce shi ke nan, an ga mahon. Na sunkuyar da kai, na tuɓe takalma, na faɗa zaure ban jira Bawa ba. Ta wutsiyar ido na hango mutum a kusurwa, ƙato, da malfa a ka. Na zube.

Na yi gaisuwa. Shiru. Na tambayi gida, na tambayi shanu, na tambayi damina. Shiru! Na ce a raina ya ƙi ni. Sai na shiga rantse-rantse: ina da gona, ba na fashin salla, rigar ce kawai ta aro, mahon hammatarta ma ba ni na yi shi ba.

Sai na ji murya a bayana: "Ɗana, da wa kaka magana?"

Na ɗaga kai. Innalillahi! Taikin gero ne, ƙaton buhun fata, aka kifa wa malfa. Surukina yana tsaye bayana da ƙannensa, kowa ya riƙe ciki. Ashe tun ƙofa ya fito tarbata da fara'a na wuce shi, ƙarar nan kuma guɗa ce gwaggon Hajo ta rangaɗa mini.

Tsohon ya share hawayen dariya ya ce, "Wanda ka durƙusa ma gero haka ba shi barin ɗiyata da yunwa. Na ba ka."

An ba ni mata, amma murnar ranar a bakin Bawa na ji ta. Ni maho kaɗai nake tunawa, wanda ba wanda ya gan shi sai da na tona da bakina. Yanzu in na shiga taro nakan fara ɗaga kai in ga wa ke murmushi. Hajo kuwa har yau, gaban jikoki, in an kawo gero sai ta ce, "Malam, tashi, surukinka ya iso."